Gonar Kwari Ta Yi Ja

Ni da Yaya ba ma gaisawa sai in Inna na wurin. In tana wurin sai in ce, "Yaya, an tashi lafiya?" shi kuma ya ce "Lafiya" yana kallon bango. Shekara huɗu ke nan muna haka, tun da Baba ya rasu ya bar mana gonaki biyu da wasiyyar kada a raba su muddin Inna na da rai.

Gonar tudu tana bayan gida, daga ƙofar ɗakinta Inna ke hango ta, ko zangarniya ɗaya ta ɓata sai ta tambaya. Gonar kwari kuwa sai ka yi tafiyar awa guda, ka tsallake gada, sannan ka gan ta kwance a gefen rafi da baƙar ƙasarta mai laushi. Shinkafa muke zubawa. A can Baba ya koya mini riƙon fartanya, a can na bar farcen babban yatsan ƙafata. Ba na jin kunyar faɗa, ina son gonar nan fiye da yadda nake son wasu 'yan uwana na jini.

Yaya tela ne, yana da shago a kasuwa, kuma shi ke riƙe da kuɗin gida. Shi ke sayen taki da iri ya aiko, ni ke noma. In an girbe a raba uku: Inna, shi, ni. Wato mutumin da ke zaune ƙarƙashin fanka yana taka keken ɗinki, wanda ko sauron kwari bai san kalar jininsa ba, rabonsa daidai yake da nawa. In na yi magana ya ce, "Kai da wa? Ina goya ka kana yi mini fitsari a baya."

A shekara ta biyu na daina magana, na fara aiki. Mai Amalanke ne ke yi mana jigila, wani gajeren mutum mai shanu huɗu, wanda sai ka yi masa magana uku kafin ya mayar da ɗaya. Shi ke kawo taki gona, shi ke kwashe shinkafa. Na ce masa daga yanzu sawu biyu na farko gida za su, na ƙarshe kuwa sito ne na wani abokina a bayan kasuwa. Ya dube ni, ya dubi buhunan, ya ce, "To." Gonar na ba da buhu arba'in, gida na ganin ashirin da biyu. Ban taɓa kiran abin sata ba, ladan gumi nake ce masa.

Ana cikin haka ƙungiyar manoma ta kawo wata mata mai aikin lissafi. Duk wanda ya ba da bayanin gonarsa, za a ba shi hayar tarakta da rahusa, a kuma riƙa aiko masa da saƙo a waya: yaushe ya kamata ya sayar, wace gona ta cancanci ya zuba wa kuɗi, wacce ke cin sa. Don tarakta muka shiga. Ita kuwa siririya ce mai tabarau, ba ta dariya, kullum tana rungume da kwamfutar hannu mai tsagaggen gefe, wadda manoma ke kira allo. Malama Lissafi muka sa mata. Duk ƙarshen damina ta kira Yaya ta tambayi abin da aka kashe, ta kira ni ta tambayi abin da aka girbe. Nakan ce mata ashirin da biyu, ko ashirin da uku in na ga dama. A zatona abin kamar rajistar makaranta ne, a rubuta a rufe.

Bayan girbi na uku ta ce mu zo ofis mu biyu.

Ofishin ɗaki ɗaya ne da benci biyu, sikeli a lungu, fanka a sama da ta daɗe da yin ritaya, ga warin maganin ƙwari. Yaya ya zauna can ƙarshen benci, ni na zauna wancan ƙarshen, har bencin ya fi mu zumunci. Ta juyo mana da allon.

"Kore riba ne, ja asara," in ji ta. "Gonar tudu kore ce shekara uku. Gonar kwari ja ce shekara uku."

Yaya ya tafa hannu sau ɗaya. "Auta, ka gani ko? In ni na faɗa a ce ƙiyayya ce. To ga na'ura ta faɗa, ita ba uwarku ɗaya ba balle ka ce tana yi maka baƙin ciki. Na ce a sayar da ramin nan a sayi injin niƙa, an mai da ni mahaukaci."

"Rami ne ya ciyar da kai har ka yi wannan tumbin," na ce.

"Ban gama ba," in ji Malama, ba ta ko ɗaga murya ba. "Gonaki goma sha huɗu nake da su a bakin rafin nan. Goma sha uku kore ne. Ruwa ɗaya, ƙasa ɗaya, iri ɗaya. Taku ta fi kowacce cin taki, ta fi kowacce rowar shinkafa. Taki buhu goma sha ɗaya, shinkafa buhu ashirin da biyu."

Goma sha ɗaya! Shida ne. Da kafaɗata nake sauke su daga amalanke duk shekara, shida, ban taɓa ganin na bakwai ba. Jini ya hau mini kai, na juya zan kama ɓarawo a gaban shaida, har na buɗe baki. Sai na tuna wanda za a kira ya yi shaidar. Mai Amalanke ne. Kuma duk wanda ya tambaye shi nawa ya kai gona, zai tambaye shi nawa ya kwaso. Na rufe bakina a hankali, na yi kamar hamma ce ta zo mini.

"Ko dai akwai ciwo a ƙasar," in ji ta, tana kallonmu ta saman tabarau, "ko akwai ciwo a lambobin da kuke ba ni."

Yaya ya miƙe tsaye. "Me kike nufi? Ƙarya muke yi? Yarinya, na girme ki nesa ba kusa ba."

"Malama," na ce, "a kama mutunci. Mu gidanmu ba a san mu da ƙarya ba."

Wannan ne karo na farko a shekara huɗu da bakinmu ya zo ɗaya da Yaya.

Ba ta ja da mu ba. Ta buga mana takarda ta miƙa wa Yaya. A sama ga jan layi ɓaro-ɓaro. A ƙasa, da ƙananan haruffa, ta rubuta shawararta: kada a yanke hukunci sai an gwada ƙasar, an kuma auna girbi mai zuwa a gaban ma'aikacin ƙungiya. Yaya ya ninke takardar daidai inda ƙananan haruffan suka fara. Kafin sati ya cika babu wanda ya shiga shagonsa gwajin riga bai ga jan layin nan ba.

Kwana goma bayan haka ina kwari ina gyaran kunya, na ji ƙarar babur. Malama ce. Ta cire takalmi, ta shigo cikin taɓo ba tare da ta yamutsa fuska ba, ta damƙi ƙasa ta murza, ta shinshina. Sannan ta tsaya gaban tulin karan shinkafar da na sussuke, wanda ya fi ni tsawo.

"Mahaifina manomi ne," in ji ta. "Wannan karan na buhu ashirin da biyu ne?"

"Kara ya yi yawa, ƙwaya ta yi kaɗan. Ko shi ma allonki bai yarda ba?"

"Allona ba shi da ido. Abin da kuka faɗa masa shi yake maimaita muku, sai dai da babbar murya. In ka ba ni lambar gaskiya yanzu, in gyara, jan nan ya tafi."

"A tsakaninmu?"

"Gonar da sunanku ku biyu take. Ina gyarawa saƙo zai shiga wayarka, ya shiga tasa."

"To babu abin gyarawa."

"Za ka rasa gonar nan."

Haushi ya turnuƙe ni, don na san gaskiya ta faɗa. Na ce mata ita dai biyanta ake ta latsa gilashi, ba ta san zafin lanƙwasa baya ba, kuma kafin zuwanta muna zaune lafiya. Wannan ma ƙarya ce, amma ta yi mini daɗin faɗa. Ta wanke ƙafarta a rafi, ta sa takalmi, ta hau babur ɗinta.

Ran Juma'a da hantsi Inna ta aika a kira mu. Tana zaune bakin gado, ƙafafunta da suka kumbura a kan matashi, kwalaben magani jere a taga, takardar nan kuma a cinyarta, a ninke yadda Yaya ya ninke ta. Ba ta iya karatu ba, amma ja ba ya buƙatar karatu.

"Na gaji," in ji ta. "Shekara huɗu gonar nan ba ta kawo mini komai ba sai 'ya'ya biyu da ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Da tana ciyar da mu, da na haƙura. Babanku ya ce kada a raba. Bai ce kada a sayar ba."

"Inna, a ƙara mata shekara ɗaya," na ce. "Malamar ma ta ce..."

"Shekara ɗaya da kuɗin wa?" in ji Yaya. "Kai ka san farashin taki? Ko tsinto shi nake a bola?"

Na dube shi. Ya dube ni, ido cikin ido, ko ƙiftawa bai yi ba. A lokacin na ɗauka taurin ido ne kawai irin na ɓarawon da bai san an gan shi ba.

"Ku yi mini shiru," in ji Inna. Ta miƙo hannu ta kama nawa. "Auta, kai ke can dare da rana. Shi wannan ko zai yi mini wayo, kai ba ka taɓa yi mini ƙarya ba tun kana rarrafe. Takardar nan gaskiya ce?"

A duk lissafina na ladan gumi, Yaya nake cuta. Sai a ranar, da hannunta mai sanyi a cikin nawa, na lissafa da kyau. Buhu goma sha takwas duk shekara, kashi ɗaya cikin uku nata ne. Shida. Shekara uku. Ga kwalabe a taga, waɗanda wani watan takan raba ƙwaya biyu don su kai ta ƙarshen wata. Da Yaya ne kaɗai a ɗakin, wallahi da na faɗa, mu yi dambe kowa ya huta. Amma in dubi Inna in ce na ci rabonta, wannan bakina ya ƙi.

"Haka take, Inna," na ce.

"To a sayar."

Na fita ina lallashin kaina. Wa zai sayi gonar da duk kasuwa ta ga jan layinta? Yaya da kansa ya kashe cinikinsa da dogon bakinsa. Haka kuwa aka yi da farko. Mai shagon taki ya taya da kuɗin da ko akuya mai ciki ba za su saya ba. Wani direba ya zo ya leƙa, aka nuna masa takarda, ya tafi bai waiwayo ba. Farashi ya yi ta gangarowa, ni kuma ina ta murna a ɓoye. Har na yi tunanin in saya da kaina, don akwai sauran abin da na tara a sito. Amma manomin buhu ashirin da biyu, wanda ake rabawa uku, a ina zai ce ya samu?

Wata biyu bayan haka Yaya ya leƙo ta katanga, bai ko yi sallama ba. "An sami mai saye. Jibi a ofishin ƙungiya. Ka yi wanka."

Muka kai Inna a keke mai ƙafa uku. Benci biyun nan dai, ga shaidu biyu, ga Malama da allonta. Mai sayen na zaune kusa da sikeli cikin sabuwar riga mai karin guga, ya ɗora hularsa a gwiwa. Sai da ya ɗago na gane shi, don ban taɓa ganin sa babu ƙura ba. Mai Amalanke ne.

Na saci kallon Yaya, na ga gumi na tsattsafo masa a goshi. Ashe ta hannun dillali aka yi cinikin, shi ma bai san ko wane ne ba.

"Kai ne?" in ji Inna da fara'a. "Bawan Allah, ka ji dai gonar ba ta da albarka. Kada ka ce mun ɓoye maka."

"Na ji, Inna," in ji shi. "Zan gwada sa'ata. Na sayar da shanu biyu."

Malama ta karɓi takardar nan daga hannun Yaya, ta warware ninkin, ta shafe shi da tafin hannu. "Kafin a sa hannu, zan karanta abin da ke ƙasa, don ban tabbata an karanta wa Inna ba." Ta karanta shawararta kalma bayan kalma. Sannan ta ce, "Har yanzu ina nan a kan bakana. Lambobin gonar nan ba su yi kama da na maƙwabtanta ba. In akwai mai gyara, yanzu ne."

Ni ina jira Yaya ya ce shida, in ya faɗa ni ma in faɗi nawa, laifin ya rabu biyu. Shi kuma ya kafe ni da ido, haƙoransa a datse. Na ce a raina, wallahi sai dai kai ka fara, kai ne babba, kai ka goya ni. Mai Amalanke yana ta juya hularsa a gwiwa kamar mai jiran mota.

"Na tambayi Auta," in ji Inna. "Ya ce haka take. Ina zan dangwala?"

Ta dangwala yatsa. Yaya ya sa hannu. Ni ma na sa, biron na zamewa don gumi.

A waje na tare Mai Amalanke a gindin bishiya, na shaƙe wuyan sabuwar rigarsa. "Munafuki! Amanar da na ba ka ke nan?"

Bai ture ni ba, ya jira har na sake shi, ya gyara wuyan rigar. Rannan ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji a bakinsa.

"Wace amana na ci? Ka taɓa jin na faɗa wa wani? Taki shida nake kaiwa, shinkafa arba'in nake kwasowa. Ni ban yi makaranta ba, amma wannan lissafin ko shanuna sun iya shi. Kun sa a kasuwa, na saya."

"Da ka gaya mini Yaya na ƙara lissafin taki!"

"Ba ka tambaya ba. Shi ya tambaya. Tun shekarar farko ya ga amalankena a bayan kasuwa, ya bi ni har sito, ya ƙirga da idonsa. A wannan shekarar ce taki buhu shida ya zama goma sha ɗaya."

Na juya. Yaya na tsaye bakin ƙofar ofis, ya ji komai.

"Ka sani?" na ce. "Shekara uku ka sani?"

"Ina jira in ga ranar da za ka ji kunya," in ji shi. "Ba ta zo ba."

"Kai taka ta zo?"

Inna ta fito tana dogara sanda, muka kama ta ɗaya a dama ɗaya a hagu, muka sa ta a keke. A hanya tana ta sa mana albarka, wai yau ta ga 'ya'yanta sun haɗa kai.

Injin niƙan Yaya ya yi wata biyar ya fara tari. Wannan ba damuwata ba ce. Gonar tudu ba ta isa ta cinye mini damina ba, abin sito kuma ya ƙare. Da ruwa ya sauka Mai Amalanke ya aiko, wai babu wanda ya san inda ruwa ke kwanciya a gonar nan kamar ni, in ina so zai biya ni kullum. Na zagi ɗan aiken, na zagi wanda ya aiko shi. Bayan kwana uku na ɗauki fartanyata na tsallake gada.

Ranar da muka gama sussuka yana tsaye a kaina, muna cika buhu ina ɗinkewa yana ƙirgawa, ya sa na sake ƙirgawa da ƙarfi. Muna gamawa wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙo mini.

"Malama Lissafi ce. Faɗa mata, ka fi ni iya magana da ita."

Na kara a kunne.

"Gonar kwari," in ji ta. "Taki an ce mini shida. Shinkafa buhu nawa?"

"Arba'in da biyu."

Ina jin ƙarar yatsanta a kan gilashi.

"Auta, kai ne?"

"Ni ne."

"Ta yi kore," in ji ta. "Ita ce ta ɗaya a bakin rafin. Ba ni mai gonar."

Na miƙa masa wayarsa, na sunkuya na ɗauki buhun farko na kai amalanke.